Wai ta yaya ake gane akwai ƙanƙara a wurin da taurari ke samuwa?

Sadiq_Fagge:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah masana a taimaka min, abin nan ya tsaya min a rai tun jiya. Na karanta cewa na'urar hangen nesa ta James Webb ta gano ƙanƙarar ruwa da ta amoniya da su metanol a cikin wani gajimaren ƙura da iskar gas da ake kira Chamaeleon I, wai nisansa tafiyar haske ce ta shekara kusan 630. To ni abin da ban gane ba, wurin duhu ne ƙirin, ba wanda ya je ya ɗebo, ta yaya mutum zai zauna a duniya ya ce ga abin da ke ciki har da sunansa?

Malama Hauwa'u:
Wa alaikumus salam Sadiq. Ka tuna lokacin hunturu idan hazo ya yi yawa yadda rana take komawa ja-ja, ƙurar ce ta tare wani ɓangare na hasken ta bar wani ya wuce. To haka suke yi, sai su nemi tauraron da ke bayan gajimaren, haskensa sai ya ratsa ƙurar kafin ya iso madubin Webb mai faɗin mita 6.5. Kowane sinadari akwai daidai wurin da yake shanye hasken, kamar zanen yatsa ne, ƙanƙarar ruwa tana sha a wajen maikuron 3 (maikuron ma'auni ne na tsawon zangon haske), ta kabon dayoksaid wajen 4.3, ta kabon monoksaid wajen 4.7, idan aka baje hasken aka ga inda ya yi giɓi sai a gane wa ya sha. Kuma hasken ba irin wanda idonmu ke gani ba ne, irin na ɗumi ne, shi ne yake iya keta ƙurar. A watan Janairun 2023 aka fitar da sakamakon, Melissa McClure ta jami'ar Leiden ce ta jagoranci aikin.

Abba Zinder:
Malama ta gama magana, ni dai abin da ya fi burge ni shi ne yadda sinadaran ke haɗuwa a wannan sanyin, wajen digiri 263 ƙasa da sifiri fa. Ƙwayar ƙurar ƙanƙanuwa ce sosai, kabon monoksaid, wato irin hayaƙin janareto da ke kashe mutane a ɗaki, sai ya daskare a jikinta, haidurojin ya riƙa zuwa yana manne masa ɗaya bayan ɗaya har ya zama metanol, duk wannan tun ba a haifi tauraro ba. Idan jaririn tauraro ya fara zafi sai ƙanƙarar ta koma iska, a nan kuma na'urar hangen nesa ta rediyo mai suna ALMA ke shigowa, faranti 66 ne a hamadar Atacama ta ƙasar Chile a tudu mai tsayin mita 5,000, da ita aka gano wani nau'in sukari mai sauƙi a kusa da wani jaririn tauraro a 2012.

Sadiq_Fagge:
Allah ya ƙara basira, yanzu na fahimta. Kenan ruwan da muke sha ma zai iya zama daga irin wannan ƙanƙarar yake?

Malama Hauwa'u:
Akwai hujja mai ƙarfi a kan hakan. A 2023 an auna ruwan da ke kewaye da tauraron V883 Orionis da ALMA, aka ga yawan ruwa mai nauyi (wato mai ɗauke da wani nau'in haidurojin mai nauyi) da ke cikinsa ya yi kusa da na taurari masu wutsiya namu, wanda ke nuna wani kaso na ruwanmu ya girmi rana ita kanta. Abin da har yanzu ake nema shi ne farar wuta, wadda aka gani a ƙanƙarar Chamaeleon I ba ta kai yawan da lissafi ya nuna ba, ana zaton sauran tana ɓoye a cikin ƙwayoyin ƙurar.