Masu koyar da yara a gida: yaya kuka tsara tarihi da kimiyya na shekaru masu zuwa?

Maman Hindatu, Yamai:
Salamu alaikum ƴan uwa. Yarana biyu a gida suke karatu, babbar tana da shekara 9, ƙaramin 6. Lissafi da Faransanci suna tafiya, akwai mushe, wato malamin makaranta, da ke zuwa da marece. Tarihi da kimiyya ne muke yi kara zube, yau Fir'auna gobe taurari. Ina son tsarin da zai kai mu har BEPC, jarrabawar ƙarshen kolej. Wanda ya riga mu bin hanyar nan ya ba mu labari.

Baban Abdul, Tawa:
Wa alaikumus salam Hajiya. Ni daga ƙofar gida na fara. Shekarar fari ƙasarmu ta Adar kawai muka yi: kakanni, sarauta, kasuwa, da Maratta kusa da Galmi inda aka haifi Shehu Usmanu a 1754. Daga nan Gobir da jihadin 1804, sai Agadas da masallacinta na 1515, sai Songai har faɗuwarta a Tondibi a 1591. Zuwan Turawa na ajiye shi sai da suka ɗan yi wayo, don labarin abin da hafsoshin sojan Faransa Voulet da Chanoine suka yi a 1899, da tsayuwar Sarauniya Mangu a Lugu, ba na ɗan shekara 6 ba ne. Bayan shekara huɗu muka sake zagayowa daga farko, amma yanzu su ke karantawa su rubuta a kaye, wato littafin rubutu.

Kimiyya kuwa lokaci nake bi. Da damina mu kafa gwangwani a tsakar gida, yaro ya tsoma rula da safe ya rubuta milimita nawa aka samu. Mu shuka gero a rami mai taki da kuma kan fako, su ga bambanci da idonsu. Da bazara sai zafi da inuwa da hasken rana, a nan nake kawo musu Abdu Mumuni, masanin makamashin hasken rana, wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa.

Inna Rabi, Yamai:
Maman Hindatu, ke da kike Yamai ai kin huta. Gidan tarihi na Bubu Hama yana nan tun 1959. Jikana ya tsaya gaban ƙasusuwan dabbobin nan na zamanin da, da aka tono a Gadufawa cikin hamada, ya ƙi motsi, yana ta tambaya yaya kada mai girman nan ya rayu a hamada. Tambayar nan ita ta ci mana wata guda: ruwa, sauyin yanayi, yadda ƙashi ke zama dutse. Itacen nan da ke tsaye shi kaɗai a hamadar Tenere, da mota ta kaɓe a 1973, ma yana wurin. Ku dai je da sassafe, kafin rana ta buɗe.

Malam Sani, tsohon mushen kolej:
Alhaji Baban Abdul, tsarinka ya yi, amma ina da magana. Masu gyaran takardun BEPC ba ruwansu da gwangwanin ruwan sama. Na ga yaran gida da suka san abu sarai da Hausa, aka ba su tambaya da Faransanci suka yi zuru. Daga ajin farko na kolej a nemo manhajar gwamnati a aza ta gefen naku tsarin, a ga abin da ya yi saura. Fizik da shimi musamman, sai an samu wanda ya iya.

Baban Abdul:
Gaskiya ne Malam. Mu ma kowane darasi da Hausa muke fara shi, mu rufe da taƙaitawa cikin Faransanci.

Maman Hindatu:
Allah ya saka da alheri. Malam, manhajar nan a ina zan same ta, wajen sufeto ko a kasuwa? Kuma ƙaramin, in haɗa shi da yayarsa a darasi ɗaya ko in raba su?