Neman Taimako Kan Rangwamen Harajin Gyaran Gida a Amurka

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar 'yan uwa mazauna Amurka da suka san harkar haraji.

A shekarar 2025 na sauya tagogin gidana, na kuma sa na'urar ɗumama gida mai jawo zafi daga iskar waje. A fahimtata, a shekarar 2025 sashe na 25C na dokar harajin Amurka ya ba da rangwamen kashi 30 cikin ɗari na kuɗin da aka kashe, iyakarsa dala 600 a kan tagogi da dala 2,000 a kan na'urar, kuma a fom 5695 ake nemansa.

Inda na cije shi ne, kamfanin wutar lantarkinmu ya mayar mini da wani kaso na kuɗin na'urar bayan an gama aiki. Shin sai na cire wannan kaso kafin in lissafa kashi 30 ɗin, ko kuwa kuɗin da ke kan rasit zan rubuta?

Haka kuma ɗan kwangilar bai ba ni lambar shaidar masana'anta da hukumar haraji ta Amurka (IRS) ke buƙata ba, kuma ya daina amsa waya. Ta wace hanya zan samo ta? Tunda rangwamen ya ƙare daga 31 ga Disamba 2025, ba na son kuskure ya sa in rasa shi. Na gode.