Ina so in mayar da soket ɗin tarho zuwa ɗakin Hajiya

Ɗan Yelwa, Bauchi: Assalamu alaikum. Gidanmu yana da tsohon soket na tarho a falo tun zamanin NITEL, kuma ko da yake layin ya daɗe da mutuwa, kan wayar yana nan lafiya. Kwanan baya na sayi ƙaramin akwatin da ake sa wa katin SIM, na jona tarhon da shi, ya kuwa yi aiki. Hajiya mahaifiyata idonta ya yi rauni, ba ta iya latsa wayar salula, amma lambobin wannan tsohuwar waya ta san su da yatsunta. Matsalar ita ce ɗakinta yana can ƙarshen gida inda sabis ba ya kamawa sosai, tazarar kuwa za ta kai mita 20. Yaya zan ja waya zuwa gefen gadonta, akwatin yana falo?

Tsohon ma'aikacin waya: Wa alaikumus salam, Allah ya saka maka da alheri bisa wannan kula. Aikin ba shi da wuya, domin tarho sili biyu kawai yake buƙata. Ka duba ɗan filogin nan mai suna RJ11, za ka ga cewa haƙora biyu na tsakiya su ne ke ɗauke da layin. A tsohuwar waya galibi ja ne da kore. Idan kuma ka sayi wayar intanet ta Cat5 a kasuwar Wunti, wadda na fi so saboda silinta a murɗe suke bibbiyu, sai ka ɗauki shuɗi da farin da ke murɗe da shi, ka bar sauran shida. Mita 20 ba komai ba ce.

Abin da zan ja kunnenka a kai shi ne, kafin ka jona akwatin da tsohon soket, ka nemo inda wayar da ta taso daga turken titi ta shigo gida, ka cire ta gaba ɗaya. Ba ta da amfani yanzu, kuma da damina tana iya jawo wa akwatinka ƙarfin tsawa ta ƙone shi. Haka nan ka kashe akwatin kafin ka taɓa jan ƙarfen, domin layin tarho yakan ɗauki kusan bolt 48 yana zaune, idan kira ya shigo kuma ya tashi zuwa wajen 90, wanda zai girgiza ka sosai.

Mai wayarin daga Gombe: Malam ya gama magana. Zan ƙara da cewa kada ka jera wayar tarhon da wayar lantarki a bututu ɗaya, in ba haka ba Hajiya za ta riƙa jin ƙugi a kunne kamar ƙudan zuma. Kuma ka guji murɗa mahaɗa da hannu ka naɗe da salatif. Na taɓa kwance irin wannan a wani gida, na tarar jan ƙarfen ya zama kore shar saboda laima, murya tana ta tsinkewa. Ka ja waya guda ba yanka, ka ɗaure ta da sukurun soket, inda za ta ratsa tsakar gida kuma ka sa ta cikin bututun roba saboda rana da ɓera.

Ɗan Yelwa, Bauchi: Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara basira. Na leƙa bayan taga na ga tsohuwar wayar turken tana nan a jone, zan fara da cire ta ranar Asabar in sha Allahu.