Wace tazara zan bari tsakanina da motar gabana?

Mai tambaya:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Sabon shiga ne ni a aikin kai saƙo da babur a Abuja, hanyata kullum Kubwa zuwa Wuse. In na ba motar gabana tazara, nan take wani zai kutso ya cike gurbin. In na matse kuma, 'yan tasi da sun hango fasinja sai birki, babu sigina. Don Allah yaya kuke yi?

Wani tsohon ɗan acaɓa:
Wa alaikumus salam. Ƙanena, daina aunawa da ido, ƙirgawa ake yi. Zaɓi wani turken fitila a gaba. Da motar ta gifta shi sai ka fara ƙirga daƙiƙa. In ka iso kafin biyu su cika, ka matse da yawa. A babban titin Kubwa ma ka mai da su uku. Mai gudun kilomita 60 a awa yana cin kusan mita 17 a daƙiƙa guda, a 80 kuwa mita 22. Kafin idonka ya gaya wa hannunka ya damƙi birki, wannan tafiyar ta riga ta wuce. Mai kutse kuwa, ƙyale shi. Sassauta totur, ka sake buɗe tazarar. Shi ƙarfe ya kewaye shi, kai hular kwano kaɗai gare ka.

Wani mamba:
Baba, a gosulon Nyanya wa zai tsaya ƙirga daƙiƙa? Sai a kwana a hanya.

Tsohon ɗan acaɓa:
Ai a gosulo gudun kaɗan ne, daƙiƙa biyun ba ta wuce tsawon mota ɗaya ko biyu ba. Inda hanya ta buɗe nake jiye masa.

Wani direban tifa:
Malam, ga tawa. In ba ka hango madubina ba, ni ma ban gan ka ba. Kuma wanda ya manne a bayan babbar mota ba ya ganin rami sai ya fito daga ƙarƙashinta. Ka riƙe gefe ɗaya na layinka, inda za ka ga gaba kuma kana da wurin kaucewa. Tsakiya nan ne man motoci ke ɗiga.

Wata mamba:
Da damina a ninka tazarar zuwa daƙiƙa huɗu, musamman ruwan farko, lokacin kwalta ta fi santsi. Ka riƙa haɗa birkin hannu da na ƙafa a hankali, na hannu, wato na gaba, shi ya fi tsayar da mashin. Allah Ya tsare hanya.