Akwatin NAS zai hana hotunan gida ɓacewa? Muhawarar 'yan uwa daga Katsina zuwa Daura

Kabiru: Assalamu alaikum. Kawu, Gwaggo, yayyena, barkanmu da yamma. Shawara na kawo. Bidiyon bukukuwanmu, hotunan hawan sallah, karatun marigayi Alhaji da aka juye daga kaset, har takardun filaye da aka ɗauka a hoto, duk a warwatse suke cikin wayoyi da filashi. Mu haɗa kuɗi mu sayi NAS, ƙaramin akwati ne mai faifan ajiya biyu da ake jonawa da rawuta, a ajiye shi a babban gida a Ƙofar Ƙaura. Ana saita shi a tsarin RAID 1, duk abin da ya shiga faifai ɗaya sai ɗayan ya kwafe shi nan take. In muka yi haka, maganar ɓacewar kaya ta ƙare har abada.

Yaya Sanusi: Wa alaikumus salam. "Har abada" ɗin nan ce ban yarda da ita ba. Ni a wurina ma akwatin gaba ɗayansa almubazzaranci ne. Faifai biyu na tafi-da-gidanka sun ishe mu.

Maryam: Yaya Kabiru, ka yi haƙuri, RAID 1 matsala ɗaya tak yake magancewa: mutuwar faifai guda. In Abba ya goge bidiyon kamun Anti Zainab bisa kuskure, a daƙiƙar nan zai goge a faifan biyu. In fayil ya lalace, lalataccen za a kwafa. In tsawa ta bi wayar wuta ta ƙona akwatin, ko ɓarawo ya sungume shi, duka biyun sun tafi tare.

Abba: Me ya sa kullum da ni ake misali a gidan nan?

Kabiru: Ai akwai kwandon shara a ciki, kuma akwatunan kamfanin Synology masu tsarin adana fayiloli da ake kira Btrfs suna riƙe yadda fayiloli suke jiya da shekaranjiya, sai ka koma baya ka ɗauko.

Maryam: Wannan haka yake, in an kunna shi. Ya magance gogewa. Tsawa da ɓarawo fa?

Gwaggo Rabi: Ni ban san Turancinku ba, amma na ji abin da yarinyar nan take faɗa. Gida biyu maganin gobara. In duka a ɗaki ɗaya suke, ai gida ɗaya ne.

Yaya Sanusi: Allah ya ƙara girma, Gwaggo. To bari in zo ɓangaren da na sani, wato wuta. Ba cin wutarsa ne damuwata ba. Mai faifai biyu yana jan wat 15 zuwa 20, ko rabin yunit ba ya wucewa a kwana ɗaya, inbatar babban gida za ta ɗauka ba tare da ta ji ba. Damuwata ɗaukewar wuta faraɗ ɗaya yana tsakiyar rubutu, da ranar da batir ya yi sanyi da asuba. Kun manta duhun da aka yi a Arewa a watan Oktoban 2024, kwana da kwanaki? Sannan zafi. Kamfanin Synology da kansa ya rubuta cewa iyakar zafin ɗakin da akwatin zai yi aiki digiri 40 ne. Watan Afrilu a Katsina, cikin ɗakin kwano mara silin mai kyau, nawa kuke ganin ake kaiwa? Ga ƙurar hunturu, fankarsa za ta yi ta zuƙa ba dare ba rana.

Kabiru: Duk suna da magani, Yaya. Ƙaramin UPS, wato batirin ko-ta-kwana, ake haɗa masa da kebul na USB, in batir ya kusa ƙarewa sai akwatin ya kashe kansa cikin tsari. Zafi kuma a sa shi a falon Hajiya, a saita shi ya huta da tsakar rana. Ƙura a hure duk wata.

Yaya Sanusi: Ka ga lissafi ya fara tsawo. Akwati, faifai biyu, UPS, duk da farashin dala. Kuma ka sayi terabayit 4 sau biyu, a ba ka wurin guda ɗaya.

Abba: Ni ban ga abin wahala ba. A zuba komai a Google Drive a huta.

Maryam: Giga 15 ne kyauta, kuma da shi Gmail da Google Photos suke ci. Tun 1 ga Yunin 2021 suka daina karɓar hotuna ba iyaka. Bidiyon biki ɗaya na mai ɗaukar hoto zai iya cinye shi. Ka ɗauka ma an biya kuɗin wata: terabayit ɗaya, in sabis yana tura megabit 10 a daƙiƙa ba yankewa, sai ya haura kwana tara yana hawa. Wa zai sayi wannan datar? Takardun filaye da muryar Alhaji dai ƙanana ne, su kam a ɗora su can, ina goyon baya.

Gwaggo Rabi: Ku tsaya. Hotunan lalle da kamu akwai mata ba mayafi. Ba na son su hau intanet, kuma ba na son kowane yaro mai waya a babban gida ya buɗe su. Wannan akwatin, kowa ke gani?

Kabiru: A'a Gwaggo, a nan ma ya fi faifan Yaya Sanusi. Kowa da sunansa da lambar sirrinsa. Ana ware wurin mata, ba mai shiga sai wadda kika amince. Faifan tafi-da-gidanka kuwa, wanda ya ɗauka ya soka a kwamfuta ya ga komai, sai in an kulle shi.

Gwaggo Rabi: To daga nan Daura zan iya kallo?

Maryam: Ana iyawa, amma a nan nake so a yi taka-tsantsan. A Janairun 2022 masu kutse sun bi akwatunan NAS na kamfanin QNAP da aka bari a buɗe ga intanet da wata manhaja mai suna DeadBolt, suka kulle fayilolin mutane suna neman kuɗin fansa. Kafin nan, a Yunin 2021, masu tsofaffin akwatunan ajiya na WD My Book Live sun wayi gari an share musu komai daga nesa. In za a yi, kada a buɗe wa akwatin ƙofar shiga daga intanet a rawuta. A bi ta manhaja irin Tailscale, wadda sai wayar da aka yi wa rajista ke shiga. Kuma Gwaggo, datarki da ta babban gida duka za su ci.

Yaya Sanusi: Kun gani ko? Faifan da ke cikin durowa ba wanda zai yi masa kutse daga Turai.

Kabiru: Shi ma ba ya kwafe komai da kansa. Yaya, tsakani da Allah, wa zai riƙa bin mutum goma sha yana karɓar wayoyinsu duk wata? Za a yi sau biyu a watsar. Akwatin kuwa, da ka shigo gida wayarka ta kama Wi-Fi, hotunan ranar sun wuce. Yara su kalli bidiyo a talabijin ba a taɓa data ba. Wannan ne amfaninsa.

Maryam: Yanzu ka faɗi gaskiyar abin, Yaya. Sauƙin tarawa da kallo, na yarda. "Har abada" ce dai ba shi da ita. Ka'idar da masu harkar ke bi ita ce kwafi uku, a kan ma'aji iri biyu, ɗaya a wani gari. In an sayi akwatin, dole a ƙara faifai guda da zai zauna wurin Gwaggo. Kuma a kula da irin faifan: a nemi masu tsarin rubuta bayanai da ake kira CMR, kamar WD Red Plus ko Seagate IronWolf, domin a 2020 an yi ta ce-ce-ku-ce kan masu ɗayan tsarin, SMR, da ke jan ƙafa wajen sake kwafe komai a sabon faifai in ɗaya ya mutu. Kafin a biya a duba awannin da faifan ya yi yana aiki, a kasuwa ana sayar da tsoho a kwalin sabo.

Kawu Lawal: Na karanta duka. Sanusi, kai da Kabiru ku kawo mini farashi a rubuce, kowa da tsarinsa, har da na UPS ɗin. Amma ba za a jira wannan ba. Cikin makon nan a sayi faifai biyu daga asusun gida, Maryam ta tara komai, ta fara da karatun Alhaji. Ɗaya ya zauna nan, ɗaya ya tafi Daura.

Yaya Sanusi: Kenan tawa aka ɗauka, Kawu.

Kawu Lawal: Ban ce ba. Na ce a kawo farashi.

Kabiru: To wa zai riƙa kai faifan Daura yana sabunta shi?

Gwaggo Rabi: Abba. Ai ya ce bai ga abin wahala ba. Ka zo ran Juma'a, ka taho da kebul ɗin, ni ba ni da irinsa.