Wa ya taɓa gwada Pilates a Kaduna?

Maman Hanifa: Salam 'yan uwa, don Allah wannan motsa jikin na kan tabarma da ake ce wa Pilates yana taimaka wa ciwon baya kuwa? Tun haihuwata ta uku ƙuguna bai dawo daidai ba, gashi gwiwata ba ta son tsalle-tsalle. Ina Malali.

Ummu Sadiq: Wslm. Sosai ma kuwa, wata huɗu kenan ina zuwa wani aji na mata zalla a Unguwar Rimi, ba gudu ba tsalle, kwanciya za ki yi kina ɗaga ƙafa a hankali kina jan numfashi amma wallahi minti 10 za ki ji cikinki na rawa, washegari ko dariya na yi sai na ji ciwo lol.

Baban Khalifa: Ba shi ne yoga ba?

Ummu Sadiq: A'a Malam, yoga daga Indiya ta fito. Wannan wani Bajamushe ne Joseph Pilates ya ƙirƙiro, tsokar ciki da ta baya ya fi mayar wa hankali.

Anti Kawo: Maman Hanifa in CS aka miki fara ganin likita tukun fa. Nawa ne kuɗin wata Ummu?