Na haddace waƙa, amma na kasa saƙa tawa: ina neman shawara

Assalamu alaikum. Ina Agege a Legas, ina koyon waƙar baka a wajen wani dattijo mai kiɗan kalangu da muke raka shi bukukuwa a Idi-Araba da Mile 12. Gindin waƙa, wato layin da ake ta maimaitawa, na riƙe shi, karɓi ma, wato karɓar waƙa daga bakin jagora, ba ya ba ni wahala. Matsalata biyu ce.

Ta farko, in babu kiɗa haddata watsewa take yi. Da an fara kaɗa kalangu sai ɗiyan waƙar, wato baitocinta, su zo da kansu, a jere. Shin haka kowa yake farawa, ko sauraron waƙoƙin a waya ne ya ɗaure mini hadda da kiɗa?

Ta biyu ta fi damuna. Jagora yana ganin mutum ya shigo fili, nan take zai saƙa masa ɗa da sunansa, asalinsa da kirarin garinsu, ya dawo kan gindi daidai. Ni in na gwada, sai kalmomin su yi wa kiɗan yawa. Baba, wato dattijon nan, ya ce in ci gaba da amshi kawai, iya saƙar zai zo. Na yarda da shi, amma a Legas sai ƙarshen mako muke haɗuwa.

Don Allah, waɗanda suka tashi daga amshi zuwa jagoranci, kirari da salon magana kuka fara tarawa, ko ƙari, wato ƙara 'yan kalmomi a kan abin da jagora ya faɗa, kuka riƙa yi a bayan maigida har baki ya saba?